Ƙwaya ta biyu ta ƙi tashi: kwana tara ana bin sawun kuskure a kod ɗin tada haifabaiza

Yadda abin yake kafin matsalar

Wata ƙaramar tawaga ta injiniyoyi huɗu tana rubuta haifabaiza ta kanta don furosesa irin x86 mai bit 64. Haifabaiza ita ce manhajar da ke zama a ƙasan komai, kai tsaye a kan ƙarfen na'ura, ta raba kwamfuta ɗaya gida-gida, kowane gida ya ɗauki tsarin aikinsa kamar shi kaɗai ne a wurin. Sanannu a wannan fage su ne Xen, wadda ta fito daga Jami'ar Cambridge a 2003, da KVM da ya shiga cikin Linux a 2007. Ta wannan tawaga ba ta kama ƙafar waɗannan ba wajen girma, amma ta kai matsayin da take ɗaukar tsarin aiki biyu a matsayin baƙi ta riƙe su yini guda ba gargada.

Wurare biyu ake gwada ta. Akwai QEMU, mai kwaikwayon kwamfuta, wanda tun farkon aikin aka saita shi da ƙwaya 4 (ƙwaya ita ce sashen furosesa da ke gudanar da umarni da kansa) da RAM GiB 2, ba a sake taɓa saitin ba. Akwai kuma wani ƙaramin allo na gaske mai ƙwaya 4, shi ma RAM ɗinsa GiB 2. A duka biyun komai lafiya.

Sai an san yadda ƙwayoyin furosesa ke farkawa kafin a gane abin da ya biyo baya. Idan aka kunna na'ura, ƙwaya ɗaya ce tak ke ɗaukar ragamar aiki, ita ce jagora. Takan fara daga adireshi 0xFFFFFFF0, ta bi ta cikin UEFI, manhajar allo da ke shirya na'ura idan an kunna ta, har a miƙa ta ga haifabaiza tana cikin yanayin bit 64. Sauran ƙwayoyin, wato mabiya, suna kwance suna jiran kira. Jagora ce za ta tashe su ɗaya bayan ɗaya, da saƙon INIT, sannan saƙon SIPI. A cikin SIPI akwai lamba mai bit 8, lambar shafin memori da ƙwayar za ta fara karanta umarni daga gare shi. Shafi KiB 4 ne, lambar kuma ba ta wuce 255, don haka dole wurin ya kasance ƙasa da MiB 1.

Mabiya ba sa farkawa a inda jagora take. Kowace takan tashi ne a yanayin bit 16, irin na furosesa 8086 ta 1978, kamar shekaru arba'in da ɗoriya ba su wuce ba. Don haka ake ajiye mata ɗan guntun kod a can ƙasa, wanda tawagar ke kira tsani. A kansa za ta hau daga bit 16 zuwa bit 32, daga nan zuwa bit 64, sannan ta yi tsalle ta shiga ainihin haifabaizar. Nasu tsanin bai kai umarni ɗari ba. An rubuta shi wata goma sha ɗaya da suka wuce, ya yi aiki, aka manta da shi.

Abu ɗaya ya canza makonni uku kafin matsalar. Mai rabon memori na haifabaizar, wanda a da yake bayar da shafuka daga ƙasa zuwa sama, an juya shi ya koma bayarwa daga sama zuwa ƙasa. Dalilin shi ne akwai na'urorin haɗi da ba sa iya kaiwa ga adireshin da ya wuce GiB 4, ana so a bar musu yankin ƙasa. Gyaran ya wuce duk gwaji.

Rana ta 1, Litinin: na'ura ta sake tashi ba sallama

An kawo wa tawagar babbar na'ura, uwar garke mai furosesa biyu, ƙwaya 16 kowace, jimilla 32, da RAM GiB 128. Aka ba ƙaramar injiniyar tawagar aikin ɗora haifabaizar a kanta, ana ganin aikin rabin yini ne.

Jagora ta tashi sumul. Ta karanta taswirar memori daga UEFI, ta gina teburan shafuka, waɗanda ake fassara adireshin memori da su, ta ƙirga ƙwayoyi 32 daga teburin MADT na ACPI, inda na'ura ke jera ƙwayoyinta, ta rubuto a tashar siriyal, hanyar fitar da rubutu ta waya, cewa za ta tada ƙwaya 1, wato ta farko cikin mabiya, tun da jagora ita ce 0. Daga nan shiru, sai fankoki suka ɗau ƙara, na'urar ta koma farko. Babu saƙon kuskure, babu komai.

An maimaita sau biyar, sau biyar ɗin abu ɗaya. Kowane tashi kuwa yana cin minti 6, saboda kafin UEFI ya miƙa ragama sai ya gama daidaita RAM da gwada shi. Wannan minti shida shi ya riƙa yanke wa kowa hanzari har ƙarshen lamarin: a awa ɗaya ba a samun gwaji fiye da goma, ko da mutum bai tsaya tunani ba.

Da aka hana tada mabiya gaba ɗaya, haifabaizar ta yi aiki da ƙwaya ɗaya, har ta ɗauki baƙo.

Rana ta 2 da ta 3: lokaci, wuri, da APIC

Zaton farko ya faɗa kan lokaci. Tsohuwar ƙa'idar Intel ta tada ƙwayoyi ta ce a aika INIT, a jira milisakan 10, a aika SIPI, a jira maikirosakan 200, a sake aika SIPI na biyu. Haifabaizar tana auna waɗannan jirage da ma'aunin da take daidaitawa lokacin tashi, kuma sabuwar na'urar saurinta daban. Idan ma'aunin ya karkace, milisakan 10 zai iya zama 1. Injiniyar ta ninka jiran sau goma, ya koma milisakan 100. Na'ura ta sake tashi. Ta cire SIPI na biyu. Haka dai. Ta auna jiran da wani agogo daban, ta samu tun asali daidai yake. Daga baya wani abokin aikinta ya tuna mata cewa Linux ma tun 2015 ya daina wannan jira na milisakan 10 a kan furosesa na zamani, wato ba nan ne wurin da sabon ƙarfe ke da tsanani ba. Yini ɗaya ya tafi.

Zato na biyu wuri ne. An kafe tsanin a adireshi 0x8000, lambar SIPI ke nan 0x08, kuma ba a taɓa tambayar taswirar memori ko wurin na kowa ne ba. A na'urorin UEFI babu alkawarin cewa yankin ƙasa da MiB 1 fanko ne, sau da yawa akan keɓe wasu shafuka a ciki. Wannan zato yana da ƙarfi, don da ma sakaci ne na gaske. Ta buga taswirar gaba ɗaya ta duba. Shafin 0x8000 yana cikin memorin da aka yarda a yi amfani da shi. Duk da haka ta mayar da tsanin 0x70000, ta kuma rubuta kod ɗin da zai riƙa zaɓo shafi daga taswira maimakon kafaffen adireshi. Gyaran ya zauna a cikin manhajar har yau, sai dai bai hana na'urar komawa farko ba.

Zato na uku APIC, wato sashen da ƙwayoyi ke aika wa juna saƙo ta cikinsa. Manyan na'urori kan tashi a yanayin x2APIC, inda ake magana da shi ta rajistocin MSR, ƙananan ma'ajiyoyin saiti na cikin furosesa, maimakon ta adireshin memori. Ta duba rajistar da ke faɗin yanayin. Na'urar tana tsohon yanayi, irin wanda kod ɗin ya sani. Wannan bai ɗauki awa biyu ba.

Zuwa yammacin Laraba an yi tashi 41, kuma abin da aka sani bai ƙaru ba a kan na ranar Litinin.

Rana ta 4, Alhamis: haruffa a tashar siriyal

Da safe babban injiniyan tawagar ya zauna kusa da ita ya karanta abin da ta rubuta na kwana ukun.

"Duk abin da kika gwada, a ɓangaren mai aika saƙo ne," in ji shi. "Kin tabbata ma ƙwayar tana farkawa?"

"Ban tabbata ba, Malam. Ba ta cewa komai kafin na'urar ta mutu."

"To sa ta ta tsaya cik a matakin farko, mu ga ko za ta mutu."

Ta sa umarni biyu a bakin tsanin, cli da hlt: rufe ƙofar katsewa, wato saƙonnin da ke katse wa ƙwaya aiki, sannan tsaya. Bayan minti shida jagora ta aika saƙo, ta jira, ta rubuto cewa ƙwaya 1 ba ta amsa ba, ta wuce ta biyu. Na'urar ba ta koma farko ba. Wato saƙo yana isa, ƙwaya tana farkawa a inda aka ce, kuma abin da ke kashe na'urar yana cikin umarnin tsanin.

Irin wannan mutuwa ta ba zata tana da suna a x86, tuntuɓe uku. Idan ƙwaya ta ci karo da kuskure takan nemi kod ɗin da zai kula da shi. Idan neman ma ya jawo wani kuskuren, ya zama tuntuɓe biyu, mai lamba 8. Idan shi ma ba a iya kula da shi ba, ƙwayar takan rufe kanta, allon na'ura kuma ya ɗauki hakan a matsayin umarnin sake tashi. Ƙwaya ɗaya ce ta faɗi, amma da kowa take tafiya. A kan tsani kuwa ba a riga an shirya teburin masu kula da kuskure ba, don haka ko wane ƙaramin tuntuɓe nan take yake zama uku.

Saura a gano wane mataki. Babu sitak a wurin, wato memorin ajiyar wucin gadi da kiran kod ke buƙata, don haka babu hanyar kiran kod ɗin buga rubutu. Abin da ake da shi shi ne tashar siriyal a 0x3F8, wadda ake iya jefa wa bait ɗaya da umarni ɗaya a kowane yanayi. Ta dasa haruffa shida: A da shigowa bit 16, B bayan an ɗora GDT, teburin da ke bayyana sassan memori, an shiga bit 32, C bayan an cika rajistocin sarrafawa CR4 da CR3, D bayan an kunna yanayin bit 64 a rajistar EFER, E bayan an kunna fassarar shafuka a CR0, F a cikin bit 64.

Abin da ya fito: A, shi kaɗai.

Bisa wannan, ƙwayar tana mutuwa tsakanin A da B, wurin GDT. Kuma akwai sanannen tarko a nan, domin umarnin lgdt a yanayin bit 16 bit 24 kawai yake ɗauka na adireshi sai an sa masa alamar faɗaɗawa. Ta bi teburin bait-bait har la'asar. Teburin yana manne da tsanin, ƙasa da MiB 1, bit 24 sun ishe shi har da saura. Ba ta ga aibu ko ɗaya ba.

Lissafi ne ya fid da ita. Tashar tana gudu a bit 115200 cikin sakan, kowane harafi kuma bit 10 ne idan an haɗa da na buɗewa da na rufewa. Harafi ɗaya ke nan yana ɗaukar kusan maikirosakan 87 kafin ya gama fita ta waya. Ƙwayar kuwa tana gama tsanin duka kafin wannan lokaci. Haruffan suna shiga layin jira na tashar, na farko ya samu ya fita, sauran na'ura ta mutu da su a baki. Ta ƙara ɗan zagaye bayan kowane harafi, yana duba bit na 6 a 0x3FD, wanda ke nuna cewa tashar ta gama fitar da komai, kafin a ci gaba.

Wannan karon: ABCD. Babu E.

Rana ta 5, Juma'a: adireshin da aka gutsure wa kai

Tsakanin D da E umarni uku ne kacal: karanto CR0, kunna bit na 31, mayar da shi. Da zarar an kunna wannan bit, duk adireshin da ƙwaya ta taɓa, har da na umarnin da za ta karanta na gaba, sai ya bi ta teburan shafuka. Teburan hawa huɗu ne, na ƙoli shi ake kira PML4, kuma rajistar CR3 ce ke nuna inda yake. Mutuwa a daidai nan na nufin ko teburan ba su ƙunshi shafin tsanin ba, ko ƙwayar tana duba wani wuri daban.

Teburan dai su ne jagora take tafiya a kansu lafiya, kuma shafin tsanin yana ciki. Sai ta sa jagora ta buga lambobi biyu kafin ta aika INIT: abin da ke cikin nata CR3, da abin da ta rubuta wa mabiya a gurbin da ke jikin tsani.

Na jagora: 0x207FFFE000.
Na gurbin: 0x7FFFE000.

An gutsure 20 daga gaba. Gurbin bait 4 ne, kuma layin kod na harshen C da ke cika shi yana tilasta adireshin ya koma lamba mai bit 32. Tilastawar a rubuce take ƙarara, don haka kwamfaila, mai fassara kod zuwa umarnin na'ura, ba ta taɓa yin ƙorafi ba, ta ɗauka mai rubutun ya san abin da yake yi.

Wanda ya rubuta shi kuwa ya san abin da yake yi, a wancan lokacin. Faɗaɗa gurbin zuwa bait 8 ba zai yi amfani ba. Dole a cika CR3 kafin a shiga yanayin bit 64, kuma a yanayin bit 32 umarnin da ke cika ta bit 32 kawai yake iya rubutawa. Littafin Intel na masu rubuta manhajar tsari ya faɗi hakan a fili: teburin da za a shiga bit 64 da shi dole ya kasance cikin GiB 4 na farko, bayan an shiga ne ake iya komawa wani a ko'ina. Lokacin da mai rabon memori ke bayarwa daga ƙasa, PML4 kan faɗa ne 'yan MiB kaɗan daga farkon memori, sharaɗin ya cika ba tare da kowa ya nema ba. Da aka juya shi, teburin ya koma can ƙolin RAM. A na'ura mai GiB 2 ƙolin ma yana ƙasa da GiB 4, gutsurewar ba ta cire komai sai sifili. A na'ura mai GiB 128, wadda ƙarshen memorinta ya kai wajen GiB 130 saboda ramin da ake bar wa na'urorin haɗi a ƙasa da GiB 4, ƙwayar tana karɓar adireshin wani shafi da ba ruwansa da teburi. Jagora ba ta taɓa jin komai ba domin ita tana cikin bit 64 lokacin da ta cika tata rajistar.

Don tabbatarwa ta koma QEMU, ta canza abu ɗaya: RAM daga GiB 2 zuwa GiB 8. Ta hana shi sake tashi, ta kunna rubuta katsewa. Cikin sakan biyu ya mutu a wuri ɗaya. Teburin yana 0x23FFFF000, gurbin ya ce 0x3FFFF000, shafi ne mai cike da sifili. Rubutun ya nuna jerin a fili: kuskuren shafi mai lamba 14, wani 14 a wajen neman mai kula da shi, sai 8, sai ƙarshe. Abin da ake jira minti shida a gani yanzu ana ganinsa kafin a ɗauke hannu daga madannai.

Gyaran gaggawa layi ɗaya ne: a nemi shafin PML4 daga ƙasa da GiB 4. Shi kaɗai ke buƙatar hakan, tun da mashigan da ke cikin teburan bait 8 ne kowanne, suna iya nuna ko'ina. Ƙarfe huɗu na yamma babbar na'urar ta rubuto ABCDEF.

Rana ta 5 zuwa ta 8: ƙwaya 31 sau biyu

Murnar ba ta daɗe ba. Kowace ƙwaya idan ta shiga haifabaizar takan rubuto lambarta. Jerin ya fara ne daga 2: ƙwaya 2 ta tashi, ƙwaya 3 ta tashi, haka har 31, sannan 31 ta sake tashi. Babu 1 ko kaɗan. Jim kaɗan na'urar ta sandare.

Tsanin ɗaya ne ga dukan mabiya, kuma gurabe ɗaya suke karanta lambarsu da adireshin sitak ɗinsu daga ciki. Jagora takan cika guraben don ƙwaya 1, ta tashe ta, ta jira alamar cewa ta farka, sannan ta goge ta rubuta na ƙwaya 2. Alamar kuwa an sa ta ne a farkon tsanin, tun a bit 16, alhali ba a karanta guraben sai an kai bit 64. Tsakanin nan da can tsere ne. A da ƙwayar ce ke cinyewa kullum, don tafiyarta 'yan maikirosakan ce, jagora kuma sai ta tsaya ta ware sabon sitak ta share shi kafin ta rubuta. Haruffan bincike sun ɗora wa ƙwayar jiran sama da maikirosakan 400. Sai ta iso ta tarar an riga an canza guraben. Ƙwaya 1 ta ɗauki kayan 2, ta 2 ta ɗauki na 3, aka yi ta gocewa har ta 30 ta ɗauki na 31. Ta 31, da yake ba mai bi mata, ta samu nata daidai, ƙwayoyi biyu suka hau sitak ɗaya suna taka juna.

A nan ra'ayi ya rabu. Ɗaya daga cikin tawagar ya ce haruffan ne suka haifar da matsalar, a cire su a wuce. An cire, aka bar na'urar tana tashi tana kashewa da kanta a ƙarshen mako, sau 100 cikin awa 10. Duka lafiya, ƙwaya 32 cif.

Injiniyar ba ta gamsu ba. Ranar Litinin, rana ta 8, ta gudanar da haifabaizar ba haruffa a cikin QEMU da ƙwayoyin kwaikwayo 32, a kan kwamfutar da take da ƙwaya 8 na gaske, ta kuma cika kwamfutar da wani aikin. A irin wannan hali tsarin da ke ƙasa yana iya dakatar da ƙwayar kwaikwayo a ko wane umarni ya ba wani aikin dama, har da tsakanin alama da karatun gurbi. Cikin tashi 200, uku sun nuna lambar ƙwaya ɗaya sau biyu. Gardamar ta ƙare a nan.

Rana ta 9, Talata: gyaran da aka bari

An janye gyaran gaggawa na ranar Juma'a. A madadinsa tsanin ya samu ƙaramin teburinsa na wucin gadi, a shafukan da ke maƙwabtaka da shi ƙasa da MiB 1. Abu biyu kawai teburin ya sani: MiB 2 na farkon memori a adireshinsu na ainihi, da yankin sama inda kod ɗin haifabaizar yake. Ƙwaya takan shiga bit 64 da shi, ta yi tsalle zuwa sama, sannan ta cika CR3 da cikakken adireshin babban teburi daga gurbi mai bait 8. Linux ma haka yake yi, yana da teburi na musamman a jikin nasa tsanin. An zaɓi wannan ne saboda yana sauke wa mai rabon memori sharaɗin gaba ɗaya, kuma babban teburi ya daina ɗauke da taswirar yankin ƙasa da ba ya buƙata bayan tashi.

Alamar farkawa ta koma ƙarshe, bayan ƙwaya ta kwashe lambarta da sitak ɗinta ta koma babban teburi. Kowace ƙwaya kuma tana neman lambar APIC ɗinta da umarnin CPUID ta gwada da wadda aka rubuta mata, idan sun saɓa ta tsaya ta faɗa. Idan wata ta ƙi amsawa cikin lokaci, jagora takan sake aika mata INIT ta kwantar da ita kafin ta taɓa guraben, don kada ta farka a makare ta ɗauki kayan wata. Inda ake cika gurbi mai bit 32 an sa bincike da ke tsayar da tashi da saƙo idan adireshin ya wuce GiB 4. Gwajin QEMU ya zama kala uku: GiB 2, GiB 8, da mai ƙwayoyi 32 a kan kwamfuta mai cunkoso. An maimaita tashi 200 na cunkoso da 100 na babbar na'ura, ba a ga kuskure ba.

Abin da za a ce a kai

Juya mai rabon memori ba laifi ba ne, dalilinsa ingantacce ne kuma an bar shi yadda yake. Tsanin ma daidai yake da abin da furosesa ke buƙata. Aibin yana wurin da suka haɗu: tsanin yana da sharaɗi a kan inda teburi zai zauna, sharaɗin ba a rubuce yake a ko'ina ba, kuma layin da ya kamata ya yi ihu idan an karya shi, shi ne aka sa ya yi shiru da tilastawa. Gwaji kuma bai taɓa fita daga GiB 2 ba, adadin da aka zaɓa a makon farko na aikin don kwamfutocin tawagar su iya ɗauka.

Kwana biyun da aka kashe a kan lokaci da wuri da APIC, a ganina, su ne asarar da ta fi sauƙin kaucewa. Da yake na'urar ce sabuwa, kowa ya ɗauka wani hali nata ne na daban, aka yi ta neman abin da ƙarfen yake so. Ba wanda ya jera bambancin da ke tsakaninta da wuraren gwaji ya bi su ɗaya-ɗaya a QEMU, inda girman RAM da yawan ƙwayoyi duk lamba ce da ake canzawa a layin umarni. Ba wanda ya gwada tsohon gini na wata biyu baya a kanta, wanda da ya tashi lafiya ya nuna yatsa ga makonnin da aka yi canjin. Gwajin cli da hlt, mai umarni biyu, shi ya raba matsalar gida biyu, kuma ba abin da ya hana a yi shi ranar Litinin.

Kuskure na biyu sa'a ce ta tono shi. Ba don haruffan sun rage wa ƙwayar gudu ba, da ya zauna har ranar da wani zai gudanar da haifabaizar a cikin wata haifabaizar, ya samu sandarewa sau ɗaya cikin tashi sittin ko saba'in ba tare da wata alama ba. Naci na injiniyar a rana ta 8 ya dace, tun da tashi 100 lafiya a ƙarfe ba ya cewa komai game da tseren da ƙarfen ba ya iya faɗuwa a cikinsa.

An bar haruffan shida a cikin tsanin, a kashe, ana kunna su da maɓalli ɗaya lokacin gini. Jiran milisakan 10 ma yana nan, wanda a ƙwaya 31 ya kai milisakan 310 a kowane tashi. Akwai shawarar cire shi da tada ƙwayoyin a lokaci guda, amma hakan na buƙatar kowace ta samo sitak ɗinta da lambar APIC ɗinta ba ta gurbin haɗaka ba, kuma ba a fara wannan aikin ba tukuna.